Makaranta tasu, jarida tasu, majalisa ma tasu

Ranar Talata na fito daga ofishin wata jarida jikina yana rawa don ɓacin rai, riƙe da takardun da na shiga da su, ko buɗe su ba a yi ba. Abin da ya kai ni shi ne maganar 'yata, wadda ta zauna jarrabawar neman tallafin karatu a wata kwaleji mai zaman kanta, aka liƙa sunanta na uku cikin mutum biyar da suka yi nasara, bayan mako biyu kuma aka fito da sabon jeri babu ita, an maye gurbinta da ɗan attajirin da ya gina wa makarantar ɗakin karatu. Yaron da ubansa zai iya biya wa ajin gaba ɗaya, shi aka ba tallafin da aka ce na marasa hali ne. Sau uku ina zuwa makarantar ana ce mini shugaba yana taro, shi ya sa na nufi jarida.

Editan bai ce in zauna ba, sallamata ma ya amsa ta ne idonsa yana kan waya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga jerin farko, ga na biyu, duka da hatimin makaranta." Ya miƙo hannu, na zaci karɓa zai yi, ashe kofinsa zai janye kada takarduna su taɓa shi. Da na faɗi sunan makarantar sai ya ɗago, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ka san wanda ke shugabantar hukumar gudanarwar makarantar nan?" Na ce ban sani ba. Ya nuna hoton da ke rataye bayan kujerarsa. "Shi ne mai jaridar nan. So kake in rasa aikina saboda 'yarka?" Na ce ba alfarma na zo nema ba, gaskiya na kawo. Ya ce, "Gaskiya ba ta biyan albashi. Ka yi haƙuri, ko ka kai wa ɗan majalisarku." Sannan ya kira mai gadi ya raka ni ƙofa, kamar wanda aka kama da sata.

Wane ɗan majalisa? Wanda attajirin nan ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓensa, kowa yana gani? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: duk ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa, mutum ɗaya ne ke riƙe da makullinta.

Kada kuma wani ya ce mini wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A 2019 masu gabatar da ƙara a Amurka sun bankaɗo yadda iyaye masu hannu da shuni suka zuba wa wani dillali, Rick Singer, kimanin dala miliyan 25 don ya cusa 'ya'yansu a jami'o'i irin su Yale da Stanford. Shi da kansa ya kira hanyarsa ƙofar gefe, domin akwai ƙofar baya, wato makekiyar gudummawa ga jami'a, wadda doka ba ta hana ba. Ta wannan ƙofar aka ture 'yata. Attajiri Jeff Bezos ya sayi jaridar Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250, kuma a Oktoban 2024 ya hana ta buga sharhin goyon bayan ɗan takara, har masu karatu sama da 200,000 suka daina biya. Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a 2022, ya kuma kashe sama da dala miliyan 250 a zaɓen Amurka na 2024, abin da hukuncin kotun ƙolin ƙasar na 2010, wanda ya sassauta iyakar kashe kuɗi a zaɓe, ya share wa fage. A Italiya kuwa Silvio Berlusconi, mai manyan gidajen talabijin uku, bai tsaya ɗaukar nauyin kowa ba, da kansa ya zama firaminista har sau uku.

Laifin gwamnatoci ne da suka bar makarantun gwamnati suka lalace har ilimi ya koma sadakar masu kuɗi, suka kuma ƙi yin dokar da za ta hana mutum ɗaya haɗa jarida da makaranta da jam'iyya a aljihunsa. Mu ma da namu laifin, domin mu ne muke miƙewa tsaye mu tafa idan an buɗe ginin da aka rubuta sunan attajiri a goshinsa, ba ma tambayar me ya karɓa a madadinsa, ko guraben 'ya'yan wa aka biya shi da su.

Daren jiya 'yata ta tambaye ni ko akwai amfanin ta ci gaba da shirin wata jarrabawar. Na ce ta ci gaba, amma na kasa haɗa ido da ita.