Jakin da kake duka, aya ce daga ayoyin Allah

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bidiyon wani mutum-mutumin ƙarfe mai ƙafa huɗu, da ke tafiya kamar dabba, ya zaga wayoyinmu a Birnin Kebbi, kowa na cewa Bature ya gama da duniya. To ku tsaya mu duba daga ina ya kwaso darasin.

A 2005 kamfanin Boston Dynamics na Amurka ya fito da irin wannan mutum-mutumi mai suna BigDog, da kuɗin ma'aikatar tsaron ƙasar, don ya ɗaukar wa soja kaya a inda mota ba ta shiga. Aikin jaki ke nan! Wanda aka ƙera bayansa ma, a 2015 sojoji suka jingine shi saboda ƙarar injinsa ta yi yawa. Sirrin tafiyar kuwa a jikin dabba aka tono shi. Tun 1911 wani masani, Graham Brown, ya nuna a jikin kyanwa cewa lakar baya da kanta take tsara ɗaga ƙafa da saukewa, ba sai ƙwaƙwalwa ta ƙirga kowane taku ba. A 1981 aka auna numfashin dawaki suna gudu, aka ga doki kan sauya daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa sukuwa, yana zaɓen takun da ya fi rage masa wahala. Wannan tsarin ne injiniyoyi ke ta fama su cusa wa ƙarfe. Ɗan jaki kuwa ranar da aka haife shi yake miƙewa ya bi uwarsa.

Allah Ya faɗa a Suratun Nur, aya ta 45, cewa Ya halicci kowace dabba daga ruwa, wata na tafiya a kan cikinta, wata da ƙafa biyu, wata da huɗu. Muna karantawa, muna wucewa.

Abin da ke ci mini rai, Malam, shi ne halinmu da dabbobin nan. Ka bi hanyar kasuwar Jega, ko fadamar Argungu lokacin girbin shinkafa. Jaki da mangala ta rinjaye shi, gyambo a gadon baya ƙuda na bi, yaro na binsa da sanda har a fuska, alhali Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska. Raƙumi ya taɓa ganin Annabi, idanun raƙumin suka zubar da hawaye. Annabi ya shafa shi, ya nemi mai shi, ya ce masa ba zai ji tsoron Allah ba game da dabbar da Allah Ya mallaka masa? Ya ce dabbar ta kai masa ƙara cewa mai ita yana barin ta da yunwa, yana gajiyar da ita.

Don Allah, mai jaki da mai shanun huɗa, idan dabbarka ta rage sauri ko ta fara ɗingishi, ajiye sandar. Ɗaga kofaton ka duba ko ƙaya ce. Cire akumari ka ga bayan. Rage kayan, ka shayar da ita kafin rana ta take.