Sanyin da Turawa suka ji tsoro a 1974, a jikinmu ya ƙare

Jiya da sassafe a teburin mai shayi, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune muna jin ɗumin wutar itace, sai wani abokina ya miƙo mini wayarsa. Hoton bangon mujallar Time ne, wai fitowar 1977, ana gargaɗin cewa duniya za ta daskare. Ya ce, "Malam, ka gani? Jiya sun ce sanyi, yau sun ce zafi. Neman kuɗi kawai mutanen nan suke yi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin mutum ne mai karatu, kuma masu irin tunaninsa suna da yawa.

Hoton dai na bogi ne. Bangon fitowar Afrilun 2007 ne da ke magana kan ɗumamar yanayi, wani ya sauya rubutun. Amma labarin na da tushe. Daga wajajen 1940 zuwa farkon shekarun 1970 duniya ta ɗan yi sanyi, Time ta yi rubutu a kai a 1974, Newsweek ma a 1975. Sai dai da wasu masana suka zauna a 2008 suka ƙirga binciken da aka wallafa tsakanin 1965 da 1979, bakwai kacal ne suka yi hasashen sanyi, 44 kuwa ɗumama suka hango. Jaridu ne suka kambama abin.

To me ya kawo ɗan sanyin? Babban dalili shi ne hayaƙin masana'antun Turai da Amurka masu ƙona kwal. Hayaƙin yana ɗauke da farar wuta, ƙwayoyinta kan tare hasken rana, kamar dai yadda ƙurar hunturu ke dusashe rana har ka kalle ta ido da ido. Arewacin tekun Atlantika ya yi sanyi, ruwan damina ya ja da baya zuwa kudu, kuma masana da dama na ganin wannan na cikin abubuwan da suka tsananta farin Sahel. Ku tambayi dattawanmu 1973 da 1984. Mahaifina har ya rasu yana ba da labarin gawar shanu zube a bakin hanya, da gero da ya ƙone tun bai fitar da kai ba. A wannan zamanin ne Tafkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙafe ya koma ɗan kaɗan.

Wato sanyin da abokina ke kafa hujja da shi, akwai hannun ɗan Adam dumu-dumu a ciki. Wannan ne yake ƙona mini rai: mu da aka zuba wa wahalar, mu ne kuma muke wanke masu hayaƙin.

Da Turai ta rage hayaƙin farar wuta, iskar kabon da ke riƙe zafi ta ci gaba da taruwa. A 1958 ma'auninta kusan kashi 315 ne cikin miliyan na iskar da ke kewaye da duniya, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a azumin shekarar ne garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5.

Sanyin hunturu na mako biyu ba zai goge wannan ba. Na nemo hoton bangon na asali na tura wa abokina, na ce ya mayar da shi zauren WhatsApp ɗin da ya ɗauko na bogin.