Gardama ba ta warkar da mai ganin ana bin sa

Akwai mutumin da ya daina cin abincin matarsa don ya yi imani ana zuba masa wani abu. Akwai yarinyar da ta toshe tagar ɗakinta da zani, wai maƙwabta na leƙenta suna kai rahoto. Mu kuma abu biyu muka iya. Ko dai mu yi ta musu da shi, "Haba Yaya, wa zai bi ka?", ko kuma mu ce sammu ne, mu shiga neman wanda ya yi. Na farkon yana sa ya lissafa mu cikin maƙiyansa, na biyun yana tabbatar masa da abin da ke hana shi barci. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

A Jami'ar Oxford ta Ingila, Farfesa Daniel Freeman da abokan aikinsa sun daɗe suna binciken wannan zargi mai tsanani. Abin da suka gano shi ne tushensa tsoro ne, kuma akwai abubuwan da ke ciyar da tsoron: rashin barci, yawan tunani da damuwa, raina kai, da ɓuya. Ɓuyan nan shi ya fi damuna. Wanda ya kulle kansa a ɗaki, idan gari ya waye lafiya sai ya ce kullewar ce ta cece shi. Don haka bai taɓa samun damar ganin cewa da ya fita ma babu abin da zai same shi ba.

Ba da baki kawai suka faɗa ba. A 2017 sun buga sakamakon gwaji a kan ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci. Waɗanda aka koya wa gyara barcinsu ta intanet, zarginsu ya ragu. A wani gwajin na 2014 sun yi wa mutane allurar sinadarin da ke sa maye a tabar wiwi, kusan rabinsu suka ga kamar ana nufinsu da sharri, fiye da waɗanda aka yi wa allurar da babu sinadarin. Iyaye su ji wannan da kyau.

Daga nan suka haɗa tsarin jinya mai suna Feeling Safe, wato jin kana cikin aminci, zama kusan 20 cikin wata shida. Ma'aikacin jinyar ba ya cewa "ƙarya kake gani". Yana aiki a kan barcin, ko damuwar, ko darajar kai, gwargwadon abin da mutum ya zaɓa, sannan ya raka shi kanti ko tashar mota, a tsaya tare har jikinsa ya koyi cewa lafiya lau yake. Sun gwada shi da marasa lafiya 130 waɗanda magani bai kawar musu da zargin ba, aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2021. Kusan rabin waɗanda suka bi tsarin sun rabu da wannan imani.

Na san wani zai ce ai a nan ana cutar da mutane da gaske, ana garkuwa da su, akwai masu kai wa 'yan bindiga labari. Haka ne. Binciken ma ya nuna wanda aka taɓa zalunta ya fi saurin faɗawa wannan hali. Shi ya sa bai kamata a yi masa dariya ko a ɗaure shi da mari ba.

Maganin asibiti yana da muhimmanci, kada kowa ya ajiye ƙwayarsa saboda rubutuna. A kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, likita ya duba shi. Amma ina so hukumomin lafiya su fara horar da ma'aikatan jinya irin wannan zama, da Hausa, domin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta raka kowa kasuwa ba sai an sami mutanen da suka iya aikin.