Kamfani kake so ko suna?

Kun dai ga abin da yaron nan ya wallafa jiya. Ya yi wa kamfani rajista, ya zana tambari, ya rubuta "Shugaba" a ƙarƙashin sunansa, sannan ya dawo yana tambayar jama'a wace harka ya kamata kamfanin ya yi. Mutane kuma sai jinjina suke masa. Wallahi masu jinjinar sun fi shi ɓata min rai.

Wane tela ne ke yanka yadi kafin ya auna mai riga? Matsala ce ke haifar da kamfani. Ka nuna min mutum ɗaya da abin ke damunsa har zai ciro kuɗinsa ya biya ka. Mutum ɗaya tak! In babu shi, takardar rajista kawai gare ka.

Kuɗi ma ba ya maganin wannan. Kamfanin Juicero a Amurka ya tara kusan dala miliyan 120 don ƙera na'urar matse ruwan 'ya'yan itace mai aiki da intanet, ana sayar da ita dala 400. A 2017 'yan jaridar Bloomberg suka ɗauki ledar yankakkun 'ya'yan itacen da ake saka wa na'urar, suka matse ta da hannu, ruwa ya fito. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya rufe. Ku duba M-Pesa kuma, tsarin aika kuɗi ta wayar salula da aka fara a Kenya a 2007. Kafin 2007 ma'aikaci a birnin Nairobi sai ya damƙa wa direban mota ko wani matafiyi kuɗi ya kai wa iyayensa ƙauye, yana fargabar ko za su isa. Wahalar na nan tun kafin a zo da maganinta, shi ya sa mutane suka rungume shi.

Na san za a ce a bar yaron nan, ko ya faɗi zai koyi darasi. Da kuɗin wa? Da guminsu wa? Akwai matasan da za su bar aikinsu su bi shi, su yi watanni ba albashi.

Ku ma masu shirya gasar matasan 'yan kasuwa da sauran magana tsakaninmu. Kuna ba yaro minti uku a kan dandamali, kuna ba da kyauta ga wanda ya fi iya zuba. Ko sau ɗaya kun taɓa kiran wani cikin kwastomominsa kun ji ta bakinsa?