Ƙasusuwan dainaso a kasuwar gwanjo: hannun wa ya dace su shiga?

A watan Oktoban 2020 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ƙwarangwal ɗin wani dainaso (ƙatuwar dabbar zamanin da can, wadda irinta ya ƙare a duniya) mai cin nama, irin wanda masana ke kira Tyrannosaurus rex, a kan dala miliyan 31.8, alhali irinsa da gidan adana kayan tarihi na Field da ke Shikago ya saya a 1997 ko dala miliyan 9 bai kai ba. Attajirai sun shiga rububin tara ƙasusuwan waɗannan halittu da suka shuɗe shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma ni a ganina ilimi ne ke asara a wannan ciniki.

Manomi a Gumel ko Ringim zai iya cewa ina ruwan biri da gada, amma lamarin bai yi mana nisa ba. A Jamhuriyar Nijar, wadda ’yan kasuwarta muke haɗuwa da su a Maigatari, aka tono wasu daga cikin manyan dainaso masu cin nama na Afirka. A 1997 ayarin masanin Amurka Paul Sereno ya haƙo Suchomimus a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, dabba mai tsawon kusan mita 11 da dogon baki irin na kada, wadda kifi ne abincinta.

Darajar ƙashin da ya rikiɗe ya zama dutse ba a jikinsa kaɗai take ba, tana tare da ƙasar da ya kwanta a ciki. Masani yakan duba shimfiɗar dutsen da ya lulluɓe shi, da yanayin kwanciyarsa, da sauran halittun da ke gefensa, kafin ya san zamaninsa da yadda ya rayu. Mai neman kuɗin cefane kuwa diga zai sa ya ɓalle haƙora da farata, domin su ne ke da kasuwa, ya bar sauran a warwatse. Haka ake yi a yankin Kem Kem na Maroko, inda talakawa ke kutsawa cikin ramuka masu haɗari suna sayar wa dillalai haƙoran wani ƙaton dainaso mai suna Spinosaurus da araha, ribar kuma ta tafi Turai da Amurka. Abin da ya shiga falon attajiri, ɗalibi ba shi da tabbacin sake ganinsa.

Masu kare cinikin suna cewa in ba don su ba, da iska da ruwa sun cinye ƙasusuwa da yawa, kuma gidajen adana kayan tarihi ma ba su tsira daga bala'i ba. Da ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin Spinosaurus na farko, wanda aka tono a Masar a 1912, ruwan bama-bamai ya hallaka shi a birnin Munich na Jamus a 1944. Sai dai masanin da ya yi nazarinsa, Ernst Stromer, ya riga ya wallafa zane da bayaninsa, kuma har gobe da su ake aiki. Mongoliya ta zaɓi doka: ta haramta fitar da irin waɗannan ƙasusuwa, har ta sa Amurka ta mayar mata da ƙwarangwal ɗin wani dainaso mai suna Tarbosaurus a 2013.

Tsofaffin duwatsun Kano ba irin masu adana ƙashi ba ne, amma a Sakkwato an samu burbushin wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, mai shekara kusan 8,000, makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya. Wanda ke fara ganin abin da ƙasa ta ɓoye ke nan: makiyayi, ko mai haƙar rijiya, ko mai ɗiban yashi. Doka kaɗai ba za ta hana shi sauraron dillali ba idan dillalin ya zo da kuɗi a hannu, gwamnati kuma ta zo da barazana. Ya kamata Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ware tukuici mai tsoka ga duk wanda ya kai rahoto wurin dagaci ko hakimi bai taɓa abin da ya gani ba, kuma a sanar da hakan a rediyo da harshen Hausa.