Ina? Ashe wuta ce

Ranar Asabar ina saurin ɗaurin aure a Tudun Wada, na baza babbar rigata kan kaskon turare, na zura na fito, ashe garwashi ya maƙale a gefen hannun.

Ina zuwa bakin get Iya mai amala ta miƙe tana nuna ni tana ihu "ina! ina!" Ni kuma da ladabina har na ɗan rusuna na ce Tudun Wada za ni Iya. Ta ƙara kwartsa "INA!" Na ce Tudun Wada mana, ɗaurin aure. Ta sake, har da buga ƙafa. Nan fa raina ya fara ɓaci, don in Bahaushe ya ja "inaa" haka ai nufinsa ba za ta saɓu ba, na ce a raina ji matar nan, don ana bina kuɗin amala biyu shi ne za ta hana ni fita? Wallahi har na buɗe baki na ce mata zan biya in an yi albashi. A gaban 'yan napep, a Samaru, da safe. Ban rufe baki ba ta juye min robar ruwan wanke-wanke tun daga hula, har da manja da guntun ewedu.

Ashe da Yarbanci ina wuta ce. Ta girki, ta lantarki, kamar dai tamu, kuma wai har kwarkwata ina suke ce mata.

Amma wanda ba zan yafe wa ba shi ne wani mutuminmu da ya yi bautar ƙasa a Ibadan yake ta cika mana baki yana jin Yarbanci. Yana zaune wurin mai shayi ya ji komai, bai motsa ba, sai da na jiƙe sharkaf sannan ya taso da kofinsa yana min lacca, wai Fulani inna uwa ce, a Larabci kuma inna na nufin lallai, tana nasabta suna. Ina ɗigar manja ana min nahawu! Shi da har yau bai dawo min da cajata ba.

Shaddar ta ƙone daidai tafin hannu, tela ya ce sai dai a rufe da aiki. Kuɗin amala na biya jiya, uku ta ce ba biyu ba.