Tintin yana da gida biyu a nan, namu takardun gara ta cinye

Jama'a ranar asabar da ta wuce na kai 'yata gidan tarihin littattafan zane da ke nan Burusel, kuma wlh tun da na dawo abin yake cina a rai. Shekara goma sha ɗaya kenan ina Beljiyam amma ban taɓa leƙawa ba, don ni a da gani nake kayan yara ne, wa zai biya kuɗi ya je kallon katun.

Ginin kansa tsohon kantin yadi ne da Victor Horta ya zana, aka gyara shi aka buɗe a 1989. Kana shiga za ka ga rokar nan mai ja da fari ta Tintin, yaron nan bature ɗan jarida na labarin zane, a sama kuma takardun asali ne na masu zane cikin gilashi, har wurin da suka goge suka sake kana gani, ga ɗakin karatu cike da dubban littattafai wanda yaro zai zauna ya yini ba mai korarsa. Shi Hergé da ya ƙirƙiro Tintin ɗin ma nasa gidan daban yake da shi a Louvain-la-Neuve tun 2009, mutumin da ya rasu tun 1983. Labarin da aka fara bugawa a shafin yara na jarida a 1929 fa! A 2021 wani zanensa guda ɗaya an sayar da shi sama da yuro miliyan 3 a Faris.

To amma abin da ya sa na yi wannan rubutun shi ne na Kwango. Duk wanda ya san Tintin ya san akwai littafin da ya je Kwango a ciki, na 1930 zuwa 1931, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam. An zana baƙaƙe da manyan leɓɓa kamar wawaye, suna durƙusa wa yaro bature, a bugun farko har akwai inda ya shiga aji yana koya wa yaran Kwango cewa ƙasarsu ita ce Beljiyam, sai a 1946 da aka sake zana shi da kala aka mai da darasin na lissafi. Ranar da na fara buɗe shi a wani laburare na unguwa jikina har rawa yake don ɓacin rai. Wani ɗan Kwango mai suna Bienvenu Mbutu Mondondo ya kai ƙara a 2007 yana neman a hana sayar da shi, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2012. A Amurka kuwa laburaren Brooklyn cire shi ya yi daga kanta ya kai ɗakin da sai ka nema a fito maka da shi.

Abokaina da yawa a nan cewa suke a ƙona shi kawai. Ni ban yarda ba, kuma ba don ina son littafin ba ne. In ba a ajiye bugun farko ba, da me zan nuna wa 'yata irin kallon da ake yi mana? Sai su ce ai ƙari muke yi. Canjin nan na 1946 ma ta ina za a gane shi in ba an jera tsoho da sabo an duba ba. A ajiye shi, a sa bayani a gefe, kar a miƙa wa ɗan shekara shida shi kaɗai ba babba kusa, iyakar abin da nake so kenan.

Daga nan sai tunanin gida ya taso min. Muna lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi akwai mujallar Kouakou da ake kawo mana, shi ma labarin zane ne na wani yaro ɗan Afirka, ana buga ta a Faransa tun 1966 har zuwa 1998, kuma da ita da yawanmu muka kama karatun faransanci fiye da littafin mushe, wato malaminmu. Ina da tari guda a cikin akwatin ƙarfe na inna. Wasu gara ta cinye, wasu an yage an ƙunshe ƙosai da tsire, ba wanda ya yi da mugunta, takarda ce kawai a wurinmu in an gama karantawa ta gama aiki. Haka littattafan soyayya na Kano da yayyenmu mata ke haya suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, haka zanen barkwanci na jaridu. Muna girmama littafin addini da na malamai, muna naɗe su a gafaka, kuma daidai ne, amma abin da ya sa yaro dariya ya koya masa haɗa baƙi ba ma ɗaukarsa abin ajiya.

Na san za a ce mutanen da ke fama da tsadar hatsi ina su ina gidan katun. Gsky ne, ba gini nake nema ba. Kabad ɗaya a ɗakin karatu na gari, da leda, da maganin gara, da matashi mai waya da zai ɗauki hoton kowane shafi, wannan ai bai fi ƙarfinmu ba.

Jiya na kira yaya Sani na ce don Allah ya buɗe akwatin inna ya duba. Ya ce saura guda huɗu, ɗaya ba bango. Na roƙe shi ya sa su a leda ya ɗora a saman kabad kafin damina ta sauka.